Shafe cikin bututun bindiga don rage datti: wanne ke aiki, wanne ke ɓata bututu?

Bazazzage:

Assalamu alaikum. Malamai masu sanin ƙarfe, shawara nake nema. Bindigar farautar barewa ce mai sakata, .308 Winchester, bututun kamfani mai tsawon inci 22, baƙin ƙarfe ne kuma ba a yi wa cikinsa rufin kurom ba. A Texas ake amfani da ita, kusa da gaɓar teku, inda danshi ba ya ƙarewa. Idan an wanke ta tas, harbi uku kan taru cikin inci ɗaya a yadi 100. Da an kai harbi 20 zuwa 25 sai su fara watsewa, har inci biyu da rabi. Wajen wanki kuma ƙyalle ya yi ta fitowa shuɗi, alamar jan ƙarfe ya kwanta, a tura talatin, a tura arba'in, shuɗin bai daina ba.

Shawara huɗu aka ba ni: moli (wata baƙar hoda mai santsi), farar hodar boron, ruwan seramik irin Dyna Bore Coat, ko a kwance bututun a aika a yi masa naitaraid, wato a taurara fatar ƙarfen. Wanne ne yake rage dattin da gaske, yaya ake yinsa, kuma wanne ne zai iya ɓata bututun?

Maƙeri:

Wa alaikumus salam. Malam Bazazzage, kafin ka kashe ko sisi a kan huɗun nan, ka tabbatar daga bututun shuɗin yake fitowa. Maganin jan ƙarfe ba ya bambance na harsashi da na kayan aikinka. Idan buroshinka na tagulla ne, ko kan sandar da ke riƙe ƙyalle na tagulla ne, su ma maganin cinsu yake yi, su rina ƙyallen. Ana iya tura ƙyalle ɗari a bututu mai tsabta ana ganin shuɗi. Samo buroshin nailan da kan sanda na alminiyom ko mai rufin nikel, ka sake gwadawa.

Datti biyu ne suke kwanciya a irin bindigarka: baƙin albarushin da ya ƙone, da jan ƙarfen rigar harsashi, wadda yawanci kashi 95 jan ƙarfe ce, kashi 5 tutiya. Hawa-hawa suke yi, baƙi ya kwanta, ja ya hau kansa, wani baƙin ya rufe. Maganin ja ba ya ratsa baƙi, maganin baƙi kuma ba ya taɓa ja. Wanda ya tsaya a kan magani ɗaya zai ga ƙyalle ya fito fari ya ɗauka ya gama, alhali wani hawan yana nan a ƙasa.

Sai inda jan yake fitowa, domin a nan amsar tambayarka take. Cikin bututu yana da tsagi murɗaɗɗu masu juya harsashi, su ne kwari, ƙarfen da ya rage a tsakaninsu kuma tudu; faɗin ramin .308 daga tudu zuwa tudu inci 0.300 ne, daga kwari zuwa kwari 0.308. Zurfin kwarin ke nan inci 0.004, kimanin kashi ɗaya cikin goma na milimita. Harsashin da kansa 0.308 ne, dole tudun su nutse a jikinsa. Wurin da suke fara cizonsa shi ne maƙogwaro, ɗan wurin nan da ke gaban bakin kwanso. Ƙarfen da ya rarake mazaunin harsashi a kamfani juyawa yake yi, saboda haka sawunsa a gicciye yake, harsashi kuwa a miƙe yake wucewa. Kamar ka ja jan ƙarfe a kan magagari ne. Abin da ya kankaru a nan, wuta da matsin da kan kai psi 62,000 (fam a kan kowane murabba'in inci) su mai da shi ƙura, ya bi hayaƙi ya je ya kwanta can gaba. Shi ya sa mutane ke leƙa bakin bindiga su ga ja su ce bakin ne ba shi da kyau, alhali ciwon yana baya.

Duk abin da za ka shafa, sharaɗinsa ɗaya ne: ƙarfe tsirara. Ga yadda ake kai wa gare shi. Cire sakata, ka leƙa mazauni da idonka ka ga babu harsashi. Sa bututun roban nan mai saita sanda a gurbin sakata, don kada sanda ta goga maƙogwaro kuma kada magani ya tsiyaya cikin kunama da katako. Sanda ta zama guda ɗaya mai rufi, ba mai gaɓoɓi ba, kuma daga baya ake shiga. Bakin bindigar ya ɗan sunkuya ƙasa. Ƙyallen auduga mai faɗin inci 1¾ zuwa 2 ya yi wa wannan rami. Tura uku jiƙaƙƙu da maganin baƙi, jira minti goma, sannan buroshin tagulla sau goma. Kowane turi ya fita baki gaba ɗaya kafin ka jawo, domin juya buroshin tagulla a tsakiyar rami yana lanƙwashe gashinsa ya cije. Tsane da busasshen ƙyalle. Yanzu maganin ja da buroshin nailan. Mai amoniya irin Sweet's 7.62 kada ya wuce minti 15 a ciki, kuma kada a bar shi ya bushe a kan ƙarfe. Marasa amoniya irin Bore Tech Eliminator sun fi haƙuri. Tsane, koma maganin baƙi, sake dawowa na ja, har sai duka biyun sun daina kawo komai. Kada magani biyu su haɗu a ciki, a tsane tsakaninsu.

Mai son haɗa maganin baƙi da kansa, akwai sanannen haɗin da ake kira Ed's Red: man giyar mota na Dexron, kananzir, farin man da ake tsinka fentin mai da shi, da asiton, kowanne awo ɗaya. Yana ɗaga baƙi da kyau, ba ya cin ja, kuma asiton ɗin yana cin fentin katako, a kula.

Daga nan sai man goge irin J-B a kan matsattsen ƙyalle: gajeren turi gaba da baya kamar ashirin a santimita goman farko, sannan dogo goma har kusa da baki. Wanke shi sarai. Sai kyamarar leƙa bututu, irin su Teslong da ake haɗawa da waya. Ba tare da ita ba, zato kawai ake yi. Faɗa mana abin da ka gani a incin farko.

Injiniya:

Malam Maƙeri ya share hanya. Bari in ɗauki biyun da ake yi a masana'anta, har da kurom, ko da yake ba ka ambace shi cikin huɗun ba, don wani zai kawo maka shi.

Kurom rufi ne da ake ɗorawa a kan ƙarfe da lantarki, kaurinsa a cikin bututu kimanin 0.01 zuwa 0.03 na milimita. Tun wajen ƙira ake faɗaɗa ramin don a bar masa wuri. Idan aka ɗora 0.02 a kan bututun da ya riga ya kai awonsa, faɗin ramin ya ragu da 0.04 ke nan, a wurin da zurfin kwari duka-duka 0.1 ne. Matsi zai hau. Ga shi kuma da wuya kaurinsa ya zo daidai daga farko har ƙarshe, dalilin da ya sa masu gasar saiti ba sa son sa. Amfaninsa na soja ne, wato jure zafi da tsatsa. Japan ta sa shi a bindigarta Arisaka samfurin 99 tun 1939, Kalashnikov ma da shi take zuwa, Amurka kuwa sai da M16 ta yi ta cijewa a Biyetnam kafin a fara yi wa mazauninta kurom a wajen 1967. Yana sauƙaƙa wanki, amma ja yana kama shi. Kuma wanda masu kurom ɗin ƙarafan mota da babur suke yi na ado ne, wani abu ne daban. Ruwan da ake yinsa da shi yana jawo ciwon daji, ba aikin gida ba ne. Ga bututunka dai, a rufe wannan babin.

Naitaraid ba rufi ba ne. Ana tsoma bututun cikin narkakken gishiri mai zafin kimanin digiri 580 a ma'aunin Selsiyus, awa ɗaya zuwa biyu, naitirojin da kabon su ratsa fatar ƙarfen. Sunayen Tenifer, Melonite da QPQ duk dangin wannan aikin ne. Taurin bututun farauta yawanci 26 zuwa 32 ne a ma'aunin Rockwell, bayan aikin fatarsa takan kai wajen 60. Hawan mai taurin bai fi maikiron 10 zuwa 20 ba (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), kuma awon ramin kusan bai canzawa, don haka ana iya yi wa bututun da aka gama. Wajen tsatsa, a baƙin ƙarfe, yana da kyau ƙwarai, kuma wannan ya shafi mai zama a bakin teku.

Matsalarsa ita ce duk yadda ya sami fatar haka zai taurara ta. Sawun giccin da Maƙeri ya bayyana, da a ce an bar shi, harsasai za su rage masa kaifi a hankali. Da an taurara shi ya zauna ke nan, ya ci gaba da kankarar ja har ƙarshen ran bututun. Idan kuma bututun ya riga ya sha harbi da yawa, maƙogwaronsa ya yi 'yan tsage-tsagen wuta, gefunan tsagin sukan yi gautsi su riƙa ɓantarewa. Shi ya sa masu aikin suka fi son sabon bututu ko wanda bai yi nisa ba. Dole kuma a cire ja ƙarƙaf kafin a aika. A aikin taurara ƙarfe da gangan ake rufe wuri da jan ƙarfe idan ba a so ya taurara, to ka ga abin da ragowar ja zai yi: fata ta fito dabbare-dabbare, nan tauri can taushi.

Abu na gaba shi ne zafin. Digiri 580 yana dab da zafin da ake sassauta ƙarfen bututu da shi bayan an yanka masa tsagi. Bututun da aka sassauta yadda ya kamata ba ya motsi, wanda aka yi wa aikin gaggawa yana iya ɗan karkacewa. Gidan sakata da sakatar kanta kada a haɗa su a aika sai kamfanin da ya ƙera su ya yarda, domin taurinsu shi ne ke riƙe matsi. Duk abin da aka liƙa da dalma da duk wani alminiyom a cire. Ƙarfe mara tsatsa irin 416R yana taurara, amma yana iya rasa wani ɓangare na juriyar tsatsarsa. Idan bututun ya dawo, a wanke cikinsa da ruwan zafi da buroshi kafin harbin farko, don ragowar gishiri kan maƙale. Sannan a sani cewa daga ranar gyaran mazauni ko na leɓen baki ya zama wahala, ƙarfen yanka na yau da kullum ba ya cin wannan fatar.

A nawa ganin, kuɗin kwancewa, aikawa, sake ɗaurawa da auna tazarar sakata, gara a tara su a kan sabon bututun da aka goge cikinsa da hannu tun daga wurin maƙerinsa.

Mai Ɗuri:

Sannunku da ƙoƙari. Ɗan'uwa, tambayar da ba a yi maka ba ita ce: kai kake ɗura harsashinka ko na kanti kake saya? Moli da boron asalinsu na masu ɗuri ne, domin a jikin harsashi ake sa su. Mai harba na kanti, abin da ya shafa a bututu harbi kaɗan ne zai share shi.

Moli ya yi tashe a shekarun 1990. Ana wanke harsasai da asiton a cire maiƙo, a zuba su a gwangwani tare da 'yan ƙwallayen ƙarfe da kwatan ƙaramin cokali na hodar ga harsashi 100 a zubin farko, a bar injin girgiza ya yi ta bugawa awa biyu zuwa uku har hodar ta shige fatar. Yana rage ja, wannan gaskiya ne. Yana kuma rage matsi da gudu, sai mai ɗuri ya ƙara albarushi don ya mai da gudun. Haɗarin yana nan: wannan awon albarushin, ranar da aka sa shi a bayan harsashi mara moli, matsi ya wuce ƙa'ida. Kowane canji, a koma awon farawa na littafin ɗuri. Bayan wanki kuma sai an yi harbi 10 zuwa 20 kafin bindiga ta nutsu. Ga taruwa da yake yi a gaban maƙogwaro, ya daskare, ba maganin da ke narkar da shi sai man goge. Mafi muni gare ka, akwai farar wuta a cikinsa, danshi kuma yana shigewa ƙarƙashinsa, sai a wayi gari ƙarfe ya yi ramuka a ɓoye. A gaɓar tekun Texas ban ba ka shawararsa ba.

Farar hodar boron ta fi shi hankali. Babu farar wuta a cikinta, ba ta baƙanta hannu, kuma tana jure zafi har wajen digiri 900, inda moli ke fara lalacewa tun wajen 350 zuwa 400. A bututu, ƙaramin cokali ɗaya na hodar mai laushin rabin maikiron ko ƙasa da haka ake zubawa cikin mililita 100 na sifirit mai ƙarfin kashi 99. A girgiza sosai don saurin kwanciya take yi, a jiƙa burushin auduga, a wuce sau uku ko huɗu, a bar shi minti 15 ya bushe, sannan a goge mazauni tas. A sa takunkumi, ƙurar ba ta huhu ba ce. Babban abin da masu ita suke nema shi ne harbin farko na sanyin bututu ya faɗa tare da sauran. Hodar girafait, irin baƙin cikin fensir, da ake zubawa cikin sifirit ma haka ne: ƙyalle ɗaya bayan wanki don kada harsashin farko ya bi busasshen ƙarfe. Ba ɗaya cikinsu da ke hana tsatsa.

Idan na kanti kake harbawa, ruwan seramik ne ya dace da kai cikin huɗun. Aikin kusan duka wankin da Maƙeri ya bayyana ne, da ƙari ɗaya: man goge yana barin maiƙo, dole a bi da ƙyallen sifirit ko asiton har ya fito fari fat, a bar rami ya bushe. Sai a jiƙa sabon burushin auduga da ruwan, a yi ta kai da kawowa har ko'ina ya samu, a goge mazauni da leɓen baki, a jingine bindiga bakinta ƙasa ta kwana. Washegari a yi harbi kamar takwas zuwa goma a jere, zafi da matsi ne ke gasa shi ya kama. Idan takardar da ta zo da kwalbar ta faɗi wani adadi daban, ita za ka bi. Inda yake faɗuwa sananne ne: an bar ja ko baƙi a ƙasa sai ya kama datti maimakon ƙarfe, ko maiƙo ya hana shi zama, ko an yi harbi bai bushe ba. Wankin farko bayansa kan nuna ja, sai na biyu da na uku ake ganin sauƙin. Daga nan ban da man goge, don zai kankare shi. Abin da za ka samu shi ne wanki ya gajarta kuma harbi ya daɗe bai watse ba. Bindigar inci ɗaya ba za ta koma ta rabin inci ba.

Man bindiga mai ɗauke da Teflon kuwa kada ya kwana a ramin da za a yi harbi. Tun wajen digiri 350 yake ruɓewa, wutar albarushi kuma ta haura 2,000. Giris ma haka. A gasar Camp Perry ta 1921 a Amurka an raba harsasai masu rufin kuza don rage datti, masu harbi kuma suka ci gaba da al'adarsu ta tsoma kan harsashi a giris, aka sami bindigogin da suka fashe. Kwanso yana buƙatar busasshen bango ya kama lokacin da ya kumbura. In bangon da santsi, nauyin ya koma kan sakata. Mai da ya taru a cikin rami kuma harsashi na iya tura shi ya bar kumburin zobe a bututu. Busasshen ƙyalle biyu kafin harbi, kullum.

Akwai kuma hanya mai araha da ba a ambata ba: canza harsashi. Na jan ƙarfe zalla sun fi barin datti a rami mai kaushi, abin da ya sa Barnes ta yanka wa samfurinta TSX zobba a jiki a 2003. Mai ɗuri kuma yana da albarushi irin CFE 223 na Hodgdon, wanda aka sa wa sinadarin hana ja kamawa, kuma yana aiki a .308.

Inda na ɗan saɓa da Malam Maƙeri: kai wa ƙarfe tsirara na ranar shafi ne kawai. Bututun kamfani da yawa sun fi saiti idan ɗan ja ya cike musu ƙananan ramuka. Wanda ke kankare shi duk mako zai yi ta ɓarnar harsashi yana mayar da abin da ya cire. Kuma ba a fita farauta da bututun da aka wanke jiya, sai an yi harbi biyu ko uku an tabbatar da saiti.

Bazazzage:

Allah ya saka da alheri. Na kanti nake harbawa. Da na koma nailan da alminiyom, shuɗin ya tsaya a ƙyalle na 12. Kyamara ta nuna layuka a gicciye a kan tudun incin farko, da wani baƙin zobe daidai inda bakin kwanso yake ƙarewa, wanda buroshi bai taɓa shi ba. Ja kuma ya fi yawa a inci shidan ƙarshe. Malam Maƙeri, harsasan nan masu yashin goge da ake harbawa don su gyara rami, sun dace a nan?

Maƙeri:

Madalla. Fara da zoben, don mai yiwuwa shi ne ke watsa maka harbi, ba jan ba. Baƙi ne ya daskare a 'yar tazarar da ke tsakanin bakin kwanso da ƙarshen mazauni. Idan ya yi kauri yakan matse wuyan kwanso ko ya karci harsashi tun bai tashi ba, matsi ya riƙa hawa da sauka. Buroshin .30 wucewa yake yi ta tsakiyarsa, domin wurin ya fi rami faɗi. Naɗa ƙyalle a kan buroshin .338 ko .35, jiƙa da maganin baƙi, tura shi da gajeriyar sanda har ka ji ya tsaya a wuyan, ka bar shi minti 20. Sannan ka murza da hannu kamar sau ashirin, ka duba da kyamara, ka maimaita. In ya ƙi, ɗan man goge a kan ƙyallen. Kada a sa injin huda, kuma kada murzawar ta shiga inda tudu suka fara, in ba haka ba ka ƙara sawun gicci da hannunka.

Bayan zoben ya fita, gwada hanya mai sauƙi tukuna: harbi ɗaya, cire ja gaba ɗaya, harbi ɗaya, cire ja, har goma. Hikimar ita ce kowane harsashi ya taɓa ƙarfe kai tsaye ya rage kaifin sawun, domin in ja ya rufe shi, na bayansa a kan ja yake wucewa. Ba kowa ya yarda da wannan ba. Gale McMillan, wanda ya yi suna a ƙera bututu a Amurka, a lokacinsa yana ganin ɓarnar ran bututu ce kawai. A bututun da aka goge da hannu ina tare da shi. A na kamfani mai irin layukan da ka gani, harbi goma ba asara ba ne cikin kusan dubu biyar da .308 kan yi kafin saitinta ya fara sauka.

In hakan bai wadatar ba, sai masu yashin. Suna aiki, amma ƙarfe suke ci, kuma maƙogwaro suka fi ci, sukan tura shi gaba. Na kamfanin NECO lambobin yashinsu 220, 400, 800 da 1200 ne, daga mafi kaushi zuwa mafi laushi. Ga rami mai sawun gicci kawai, tsallake 220, fara da 400 harbi biyar, wanke, leƙa, sannan masu laushin goma-goma da wanki a tsakani. Da ƙaramin awon albarushi ake ɗura su, saboda haka bayan kowane harbi a tabbatar harsashin ya fita kafin a sa wani. Kwanson da aka yi aikin da shi a zubar, yashi ya shige wuyansa. Tunda ba ka ɗuri, wannan aikin ka kai wa maƙerin bindiga. Ba a yinsa a rami mai kurom ko naitaraid. Gogewa da curin dalma a kan sanda kuwa kafin a yanka mazauni da baki ake yinta, don tana buɗe ƙarshen rami biyun, ba ta bututun da aka gama ba ce.

Seramik shi ne na ƙarshe a jeri, bayan duk wani abu mai ci ya gama aikinsa. Ajiya kuma, a irin garinku, ƙyalle mai ɗan man bindiga bayan kowace fita, ko an shafa seramik ko ba a shafa ba. Maganar Mai Ɗuri a kan yawan kankara na karɓa: bayan shafin, ƙyale ja sai harbi ya fara buɗewa.

Ɗan Maharba:

Iyayena, a gafarce ni in sako tamu ta gida. Masu adaka fa, irin ta maharba da ta 'yan bindigar hawan Sallah? Akwai abin da ake shafawa cikinta don rage toka? Wasu baƙin man inji suke zubawa.

Tsohon Maharbi:

Yaro, duk abin da aka lissafa a sama ba na adaka ba ne. Baƙin albarushi fiye da rabinsa ba ya zama hayaƙi, toka yake bari, tokar kuma gishiri ce dangin kanwa, haɗe da farar wuta. Tana jan danshi. Da damina, bindigar da aka harba da yamma aka jingine, kafin safiya cikinta ya yi jar tsatsa. Mai ba ya narkar da gishiri, rufe shi kawai yake yi tsatsa ta ci gaba a ƙasa. Man inji kuwa in ya haɗu da wannan tokar a wuta, kwalta yake zama, ɗuri ya yi tauri, wanki ya gagara.

Ruwa ne maganinta, kuma a ranar da aka yi harbin. Da farko zura sandar ɗuri ka gwada tsawonta da na bututun daga waje, ka tabbatar ba ɗuri a ciki, fuskarka kuma ba ta saitin baki. Toshe 'yar ƙofar da wuta ke bi da tsinke, cika bututu da ruwan ɗumi mai ɗan sabulu, bar shi minti biyar, zubar. Buɗe ƙofar, sa tsumma a kan sanda ka yi ta famfo har ruwan da ke fita ta ƙofar ya zo fari. Ɗauraye, tsane da busassun tsummoki har na ƙarshe ya fito ba laima, ka shanya ta bakinta ƙasa. Tafasasshen ruwa yana sa ƙarfe saurin bushewa, amma yana kawo jar tsatsa nan take in ba a bi da maiƙo da wuri ba.

Abin shafawa: kakin zuma awo ɗaya, kitsen rago da aka soya aka tace awo biyu, ko man kaɗanya a madadinsa, a narka tare. Kada gishiri ya taɓa shi. Da bazara a ƙara kakin don kada ya zube. Shafi kaɗan a tsumma ya isa. Ba ya hana toka, yana sa ta zauna da laushi ta fita da goge ɗaya. Tsakanin harbi da harbi a wuce da tsumma mai ɗan danshi sannan busasshe, yana rage toka kuma yana kashe ragowar garwashi kafin a zuba sabon albarushi. A sake leƙa ta bayan kwana biyu. Bututun da tsatsa ta riga ta rarake, babu shafin da zai mayar masa da kauri, a ajiye shi. Kuma albarushin harsashin zamani ba ya shiga adaka ko ƙwaya ɗaya, fasa ta zai yi.

Injiniya:

Baba ya tuna mini da abin da ya shafi Malam Bazazzage ma, in har yakan sayi tsofaffin harsasan soja masu araha, musamman 7.62x54R, 7.62x39 da .303. Da yawansu hular da ke tayar da wuta a gindin kwanso tana barin gishirin fotashiyam kulorayid a rami. Wilbert Huff na hukumar ma'adinai ta Amurka ne ya nuna a 1922 cewa wannan gishirin ke cin bututu a ƙarƙashin mai. Kurom da naitaraid suna jinkirta ɓarnar, seramik da boron ba sa tare ta. Ƙyalle huɗu ko biyar jiƙaƙƙu da ruwa, ko man bindiga na Ballistol awo ɗaya cikin ruwa awo tara, a goge har fuskar sakata, a tsane, sannan a shiga wankin da aka saba a rufe da mai.